Legas, Neman Madabod

Tun da na dawo daga Legas ban huta da tambaya ba. Matan da muke zuwa Islamiyyar Asabar tare sun tambaya. Madam Uche, mai shagon littattafan da ke jikin nawa, ta tambaya ya fi sau biyar. Har Bafulatanar da ke kawo mini nono daga wajen Garaku sai da ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Wai da gaske har bakin teku kika je, ke kaɗai?" Kowa guntu-guntu nake ba shi. Wani in ce masa lafiya lau, wani in ba shi labarin cunkoson motoci a yi dariya a watse. Walida ce, 'yata da ke aure a Lafiya, ta ce, "Mama, ke da kike buga wa mutane takardu, ki zauna ki buga naki mana, kowa ya karanta ki huta." To ga shi na zauna. In fara da gaskiya, ban ga teku ba. Kwana uku na yi, biyu daga ciki a kujerar mota.

Shagonmu yana bakin titin da ɗalibai suka fi bi a nan Keffi. Shekara goma sha shida muka yi a ciki ni da Baban Walida. Ni ina gaba ina buga takardu da furojet ɗin 'yan makaranta, shi yana bayan labule yana gyaran kwamfutoci. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa kwance noti ko ɗaya ba. In tawa kwamfutar ta yi gardama sai in ɗaga murya in ce, "Ga mutuniyar ta fara," ya fito da sukundireba a bayan kunne ya yi abin da zai yi. Bara, mako biyu kafin azumi, ya dawo daga sallar la'asar ya ce kansa yana sara masa. Kafin mu isa asibiti magana ta ɗauke. Kwana biyu ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Da na fita takaba na buɗe shago, sai na tarar kwamfutar ma ta gaji. Ta haura shekara goma. Da rana ta take sai ta ɗauke da kanta, ta tafi da duk abin da nake bugawa. Wata rana ta haɗiye wa wata yarinya babi guda na furojet ɗinta, ana gobe za ta miƙa. Yarinyar ta zauna a benci tana kuka, ni ma ina jin kamar in taya ta. Ranar ce na shiga bayan labule na fara buɗe durowoyinsa, na sami ɗan kwali sabo fil, ba a ko yage ledarsa ba. Na tuna shi. Wani abokinsa ne ya zo masa da shi daga waje, ya nuna mini yana murmushi ya ce, "Wannan naki ne. In na je Legas bayan sallah zan samo masa allo, ki huta da wannan tsohuwar."

Ga waɗanda ba su sani ba, abin da ke cikin kwalin shi ake kira furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗan ƙarfe ne da bai fi kwalin ashana faɗi ba. Shi kaɗai ba ya komai sai an dasa shi a kan wani faffaɗan allo da ake kira madabod, wanda duk sauran kayan ciki a jikinsa suke. Kuma kowane furosesa da irin gurbin da yake shiga. Sauran kayan duk ya tanada, na same su a jere. Allon ne babu, kuma bai rubuta ko a bayan takarda wane iri yake nufi ba. Na duba har cikin aljihun rigunansa.

Na fara gwada Abuja. Shago uku na shiga, aka ba ni amsa uku. Mai shago na ukun ma ya zaro furosesan yana neman danna shi cikin wani allo da ƙarfi, na fizge abina na fito. Da na dawo sai na lura kusan duk kwalayen da ke bayan labule suna ɗauke da tambarin shago ɗaya, na wani Mista Kunle a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Na sha jin sunansa a bakin marigayi. Na buga lambar da ke jiki ta ƙi shiga. Na yi mako ina bugawa, sannan na yanke shawarar zuwa da ƙafata.

Yaya Sabo, wan marigayi, bai so ba. Ya zo gida bayan la'asar ya zauna a kan tabarma ya ce, "Maman Walida, mace ita kaɗai har Ikko saboda ɗan ƙarfe? Ki sayar da kayan shagon nan ki zauna. Ba za mu bar ki da yunwa ba."

Na ce, "Na sani, Yaya. Allah ya saka da alheri. Amma in na rufe shagon, ina zan riƙa zuwa da safe?"

Ya ɗan ja carbinsa. Can ya ce in dai a gidan Gwaggo Asabe zan sauka a Agege, ya yarda. Shi ya kai ni bakin titi da asuba a bayan mashin ɗinsa, na shiga motar Nyanya, inda ake hawa motar Legas.

Motar Legas doguwa ce mai sanyi, kuma da na waiga ban ga mai mayafi ko ɗaya ba sai ni. Kafin mu tashi wani mutum mai kwat ya miƙe ya yi addu'a da ƙarfi, mota duka tana amsa masa amin. A tasharmu ta Keffi direba ne kawai ke bismillah ya tayar da mota. Na yi tawa addu'ar a zuci. Da mai kwat ya shafa, sai ya buɗe jaka ya fara tallan maganin basir da ciwon gwiwa, da irin muryar da ya yi addu'ar. Wadda ke kusa da ni wata budurwa ce. Na gaishe ta, ta ɗaga mini gira, ta toshe kunnuwanta da abin jin waƙa, ba ta sake cirewa ba sai Ibadan. Na yi guzurin dambun nama da cincin da niyyar in ci da wanda Allah ya haɗa mu kujera. Ni kaɗai na ci.

Ba mu ƙetare iyakar ƙasa ba, amma gadar Kogin Kwara kafin a shiga Lokoja ta yi mini kama da iyaka. Daga nan komai ya fara sauyawa, daga rubutun jikin shaguna har yadda mata ke ɗaura ɗankwali. A Lokoja aka tsaya cin abinci. Na nemi inda zan yi alwala, wata mai soya kifi ta nuna mini bayan rumfarta da ludayi ba tare da ta dube ni ba. Da na dawo na ga motoci huɗu iri ɗaya sak a jere, na rasa tamu. Na shiga ta farko na tarar da wani ƙato a kujerata, har na fara yi masa bayani cikin ladabi kafin in lura direban ba namu ba ne. Da kan budurwar nan mai toshe kunne na gane motarmu, ta taga.

Bayan Okene muka iske shinge. Masu kaki suka ce kowa ya sauka da jakarsa. Wanda ya zo kaina ya zazzage kayana a kan tebur, ya ɗauki kwalin ya juya shi ya ce da Turancin buroka, "Hajiya, mene ne wannan?"

Na ce kayan kwamfuta ne.

Ya buɗe. Yana cin gyaɗa lokacin, yatsunsa duk maiƙo da gishiri. Ya zaro furosesan daga 'yar robarsa ya ɗaga shi sama yana kallon ƙasansa mai ruwan zinariya. Ban san lokacin da na ce da Hausa, da ƙarfi, "Kada ka taɓa ƙasan!" ba. Kowa ya waigo. Abin da na ji marigayi yana faɗa wa masu kawo gyara ke nan shekara da shekaru, sai ga shi ya fito daga bakina da irin muryarsa. Mutumin ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Zinariya ce?" Na ce a'a, na mijina ne, ya rasu. Ban san me ya sa na faɗi haka ba, don ba amsar tambayarsa ba ce. Ya goge hannu a wando, ya riƙe shi ta gefe-gefe kamar yadda na nuna masa, ya mayar ya ce, "Yi haƙuri, Mama. Ki tafi." Daga nan har Legas tunani ɗaya nake yi, ko ya riga ya lalata shi.

Akure, Ife, Ibadan, duk ta taga na gan su, jan kwano da ya yi tsatsa da coci-coci da masallatai a cakuɗe. Bayan isha muka shiga Legas, mijin 'yar Gwaggo ya tarbe ni a tasha.

Gwaggo Asabe 'yar ƙanen kakana ce, tun tana amarya aka kai ta Agege, yanzu jikokinta sun yi aure. Ta rungume ni ta yi mini gaisuwar rashi, ta tambayi mutanen Keffi ɗaya bayan ɗaya, rabinsu sun daɗe a ƙasa ba ta sani ba. Gidan cike yake, ɗaki shida a layi, kowane da iyali. Hausawa ne, amma in hira ta yi daɗi sai su juya harshe zuwa Yarabanci, su yi ta shewa, ni ina zaune da murmushi a fuska ban san abin da ake wa dariya ba. Ko Hausarsu ma tana da wani lanƙwasa a ƙarshe. An karrama ni, an ba ni katifa mafi kyau. Amma ban taɓa jin kaɗaici a gidana da babu kowa ba kamar yadda na ji shi a tsakiyar gidan nan mai mutum talatin.

Da safe aka kawo mini burodinsu mai laushi da wani wake da aka dafa har ya narke, an zuba masa baƙin yaji soyayye. Na ɗauka ƙonewa ya yi. Da na ɗanɗana sai da na siɗe kwanon. Na ga wata jikar Gwaggo ta zo gaishe ta, ta zube gwiwa biyu a ƙasa kamar yadda Yarabawa ke yi, ta miƙe ta wuce, duk bai kai ƙiftawar ido ba. Mu a nan sai an tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi, har shayi ya huce. Su sun rage maganar sun ƙara durƙuson. Gwaggo ta ce a haɗa ni da wani ya raka ni, amma ranar aiki ce, kowa yana sauri. Na ce a kwatanta mini kawai. Ta ce, "'Yar nan, jakarki a gaba, ba a gefe ba. Wanda duk ya ce miki zo, kada ki je."

Kasuwar kwamfuta ta Ikeja ba kasuwa ba ce irin wadda muka sani, unguwa ce guda aka mai da ita shaguna, bene a kan bene, kowane lungu da janareta yana ruri. Tun daga bakin titi maza suka yo kaina, wannan ya ce waya, wannan ya ce gyara, wani har ya kama bakin mayafina. A Keffi ma muna da 'yan kudu da yawa, da su muke kwana muke tashi, amma a nan su ne baƙi masu lallaɓa mu. Can na gane yadda Madam Uche ta ji ranar da ta fara sauka a garinmu.

Na yi kusan awa biyu ina nuna wa mutane tambarin da na yanko daga kwali kafin in sami benen. Hawa na biyu, shago na bakwai. Na tsaya na gyara mayafi, na shirya abin da zan ce. Da na leƙa sai na ga marafan waya ne rataye tun daga sama har ƙasa, wata mata tana cin shinkafa a roba. Ta ce ba ta san wani Kunle ba. Maƙwabcinta, wani dattijo mai sayar da wayoyin caji, ya ce, "Kunle? Ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar tun bara."

Na ciro wayata na nuna masa hoton Baban Walida. Na ce yana zuwa nan duk shekara, daga Keffi, dogo, mai yawan dariya. Ya karɓa ya duba da kyau, ya kira wani ma ya duba. Ya miƙo mini ya ce, "Alhazai da yawa suna zuwa daga arewa, Madam."

Na sauko na zauna a kan matakala, mutane suna tsallake ni. A nan na gane abin da ban faɗa wa Yaya Sabo ba, ban kuma faɗa wa kaina ba. Duk hanyar nan ina tafe ne da zaton akwai wani a Legas da bai ji rasuwar ba, wanda zan gaya wa, ya dafe kai ya yi salati, ya ba ni wani labarinsa da ban taɓa ji ba. A Keffi kowa ya riga ya gama yi mini gaisuwa.

Da na gaji da zama na tashi, don allon dai bai sayi kansa ba. Shagon farko da na shiga mai gilashi ne da sanyi. Saurayin da ke ciki ya duba furosesan ya ce ai wannan sai babban allo, ya ɗauko wani mai nauyi kamar faranti, ya jona shi wuta ya fara walƙiya ja da kore da shuɗi. Ya ce shi masu wasan kwamfuta ke rububi. Na ce ni takardu nake bugawa. Ya ce to ai zai yi wa shagon kyau. Na yi godiya na fita.

Mai shago na biyun ya fi ba ni tsoro, don ya fi daɗin baki. Yana ta kirana Hajiya, ya ba ni kujera, ya ɗauko kwali a liƙe ya yanka a gabana ya ce sabo ne dal, kuma da sauƙi. Har na fara murna. Da na kai shi kusa da fuska sai na ji ƙaurin dalma, irin wanda ke tashi daga bayan labule in marigayi yana liƙi. Na duba ramukan noti na ga zoben karce a kowanne, alamar an taɓa ɗaure shi a wata kwamfutar. Na ce, "Wannan an yi aiki da shi, an kuma gyara shi." Fuskarsa ta sauya nan take. Ya fizge ya faɗi wata magana da Yarabanci, na kusa da shi suka kwashe da dariya. Na fito kunyata kamar ni ce na yi ƙaryar. Sai da na yi nisa na tambayi kaina yaushe na san waɗannan abubuwan.

Ana haka ruwa ya sauko, irin nasu da ba ya sallama. Na ruga ƙarƙashin wata matakala na raɓe. Ashe wurin shagon wata ne, ɗan tebur da fitila da tarin alluna, da wata mata mai furfura a goshi da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a ka. Azahar tana neman wucewa. Na tambaye ta da Turanci ko akwai masallaci kusa. Ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?"

Na kusa faɗuwa. Hausa ce tsantsa, ta Zariya, sai dai ta ɗan yi tsatsa. Sunanta Anti Bola. A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa aka haife ta, ta yi shekara ashirin da wani abu a arewa kafin su dawo. Kirista ce, amma ta shimfiɗa mini kwali a bayan teburinta, ta ba ni ruwan leda biyu, ta nuna mini gabas ba tare da ta yi tunani ba. Da na idar na tarar ta aika an kawo amala da miyar ayoyo, wadda su suke kira ewedu. Ban taɓa son amala ba, baƙinta ke hana ni. Ranar na ci, muna ci tana tambayata ko har yanzu ana yin masa da miyar taushe, ko ana samun fura mai kyau a Keffi. In kalma ta ɓace mata sai ta riƙa kaɗa yatsa har in cika mata. Ta ce, "Tun da mamata ta mutu ba ni da wanda zan yi Hausa da shi. Masu canji na bakin titi ba sa tsayawa hira."

Na ba ta labarin abin da ya kawo ni. Na nuna mata hoton ita ma. Ta sauko da tabarau na biyu ta duba ta daɗe, ta ce, "Ban san shi ba. Ba zan yi miki ƙarya ba." Sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Ya haƙuri?" Na ce da godiya, sai hawaye. Ta bar ni na yi, ta juya tana goge tebur.

Da na natsu ta karɓi furosesan ta karanta lambar jikinsa, ta ce mai gidana ya san abin da ya saya. Ta ce allunan da gurbinsu ya dace da shi sun fi ashirin a kasuwar nan, don haka ba daga nan ake farawa ba. Ta ce, "Wane aiki kike yi?" Na gaya mata, bugu da sikanin da ɗan gyaran hoton fasfo. Ta tambayi irin gilashin kwamfutar da nake kallo, na ce tsoho ne mai shuɗin kan waya. Ta tambayi na'ura nawa nake jonawa, na lissafa mata firinta biyu da sikana, ga ɗalibai kowa da filashinsa. Ta ce, "Yaya wutarku?" Na yi dariya, ita ma ta yi. Sai ta ce, "In ya lalace, wa zai gyara miki?"

Na ce, "Babu kowa."

Ta ce, "To ba mai fitilu za ki saya ba, ba kuma mai arha ba. Wanda ba shi da abin lalacewa da yawa za ki saya."

Ta rufe teburinta da leda ta shiga ruwan nan, ta dawo da kwali biyu. Ta ajiye su ta ce in zaɓa da kaina. Ɗaya babba ne mai gurabe da yawa na ƙarin kaya nan gaba. Ɗayan ƙarami ne, baƙi, ba ado, amma yana da ramin shuɗin kan waya na tsohon gilashina, da ramukan filashi har shida a baya. Na shinshina su duka biyun, ta yi dariya har da tafi. Na duba ramukan noti, sumul. Na ce ƙaramin, don babban ban san ko zai shiga akwatin da ke gida ba, kuma ni ba ni da wani ƙarin kaya da nake jira. Ta ce ita ma shi za ta ɗauka. Ta haɗa mini da ram, wato 'yan sandunan da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, irin wanda allon yake karɓa, ko da wanda ke gida bai dace ba.

Ta ce ba zan bar nan ba sai an gwada. Ta dasa furosesan, ta ɗora masa fanka, ta jona wuta. Fanka ta juya. Gilashi ya tsaya baƙi ƙirin. Muka jira. Ta kashe ta sake kunnawa, shiru. Yatsun mai gyaɗar nan kawai nake gani. Na ce, "Anti, ya mutu ko?"

Ta ce, "Tsaya tukuna." Ta duba wata 'yar takarda a jikin kwalin ta ce allon ya girmi furosesan da 'yan watanni, bai san shi ba, sai an sabunta masa abin da ke cikin kansa. Ta ce da na saya na tafi da shi Keffi haka, da na ɗauka ɗayansu matacce ne. Ta je ta aro wani tsohon furosesa a wajen maƙwabcinta, ta tayar da allon da shi, ta yi abin da za ta yi da filashi. Ya ɗauki kusan awa guda, ni ina zaune a kan bokiti ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da ta mayar da nawa ta kunna, sai ga farin rubutu ya fito, da lambar furosesan a sama. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, ta ce amin.

Na ɗauka an gama. Sai ta jawo wani mataccen allo da mataccen furosesa daga ƙarƙashin tebur ta tura gabana ta ce, "Dasa." Na ce ban iya ba. Ta ce shi ya sa. Ta nuna mini ɗan alamar da ke kusurwa ɗaya, ta ce a daidaita ta da ta allon, a ajiye shi a hankali, ba a dannawa, in bai zauna da kansa ba to an juya shi. Na yi na farko a karkace. Ta sa na yi sau bakwai. Ta zana mini a bayan kwali inda kowace waya ke shiga, ta rubuta da Hausarta mai ban dariya. Da za mu rabu ta raka ni har bakin titi, ta tsayar mini da mota, ta ce, "Ki gai da arewa." Na ce za ta ji.

Dawowa ba ta da labari. Kwalin yana kan cinyata tun daga Legas har Nyanya, ban yarda an sa shi a but ba. Wani dattijo da ke kusa da ni ya tambaya ko hoton biki ne, na ce a'a.

Ranar Asabar da safe na shiga bayan labule na zauna a kujerarsa, karon farko. Na shimfiɗa kwalin Anti Bola a gabana. Abin da marigayi zai gama kafin shayinsa ya huce, ni sai da na kai azahar. Noti ɗaya ya faɗa ciki na yi ta girgiza akwatin. Wayar maɓallin kunnawa na sa ta a gurbin da ba nata ba, na danna shiru, na sake bin zanen da yatsa har na gano. Madam Uche tana leƙowa tana cewa, "Maman Walida, a kira wani mana," ina cewa ta bari. Da fanka ta juya rubutu ya fito, ita ce ta yi ihu.

Zuba manhaja na iya, don wannan aikin gaba ne. Na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, harshe, ƙasa, lokaci. Sai kwamfutar ta tsaya ta tambayi sunan wanda zai riƙa amfani da ita. Duk kwamfutar da ta taɓa shiga shagon nan sunansa ake sa mata, har allon da ke saman ƙofa sunansa ne. Yatsuna suka tafi da kansu suka buga haruffa ukun farko. Na tsaya ina kallonsu, ɗan layin nan yana ƙiftawa a gabansu. Madam Uche ta gani, ta koma shagonta.

Na daɗe a haka. Sannan na goge, na rubuta sunana, Ramatu, na danna.

Kafin ta gama shiryawa wani ɗalibi ya yi sallama a bakin ƙofa da takardu a hannu, ya ce, "Mama, ana aiki yau?"

Na ce, "Ana yi. Shigo ka zauna."